Jinin Kwarto a Gaban Kotu Biyu: Shari'ar Tsofo Gubba da Abin da Ta Haifar

A shekarar 1947 wata ƙara ta taso daga ƙasar Gwandu har ta dangana da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, wato kotun da Turawan Ingila suka kafa domin Najeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Sunan mai ɗaukaka ƙarar a takardun kotu Tsofo Gubba. Kwarton matarsa ya kashe. Kotun Sarkin Gwandu, a zamanin Sarki Yahaya, ta same shi da laifin kisan ganganci bisa fikihun Malikiyya, ta yanke masa hukuncin kisa. Alƙalan Turawa suka duba takardu suka soke hukuncin. A ganinsu mutumin da aka tunzura irin wannan tunzurawa bai cancanci a kashe shi ba, domin dokarsu ta ajiye wa irinsa wani laifi na daban, mai sauƙin hukunci.

Yau ɗaliban lauya ne kaɗai ke tunawa da sunan nan, su ma don jarrabawa. Amma duk wanda ya taɓa jin an karanta a rediyo cewa ana tuhumar wani "a ƙarƙashin sashe na 221 na kundin Final Kod", to ya ji jikar shari'ar Tsofo Gubba ce ke magana.

Kafin a gane abin da ya harzuƙa sarakuna da alƙalai a lokacin, sai an san yadda kotunansu ke kallon jini. Littattafan da alƙalan ƙasar Hausa ke hukunci da su, irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa, sun raba kisa gida biyu ne: ganganci da kuskure. Sauran mazhabobi suna da wani ɗaki na tsakiya, kisan da ya yi kama da ganganci, inda ake duba makamin da aka yi amfani da shi. Malikiyya, a mashhurin zance, ba ta buɗe wannan ɗaki ba sai a mas'alar uban da ya kashe ɗansa. Abin da take dubawa shi ne yadda aka kai hannu. In ka doki mutum cikin fushi da gaba, ko da sanda ce, ko da mari ne, ya faɗi ya mutu, ka yi ganganci. In wasa ne ko horo na tarbiyya ya zo da ƙarar kwana, wannan kuskure ne, kuma dangin mai kisan ta wajen uba su ne za su haɗa diyya su biya a cikin shekara uku. Ka ga ke nan fushi ba uzuri ba ne a wannan tsari. Fushin ma shi ne shaidar ganganci. Mas'alar wanda ya tarar da wani tare da matarsa kuwa tsohuwa ce, tana cikin Muwaɗɗa: an kai irinta gaban Sayyidina Ali, ya nuna cewa in mai kisan bai kawo shaidu huɗu ba, a miƙa shi ga masu jini. Saboda haka majalisar Sarkin Gwandu ba ta ƙago komai ba. Abin da ke cikin littafi ta yi.

Wanda ya tsaya a nan zai ce tsarin ya cika tsauri. Sai dai sassaucinsa yana ta wata ƙofa. Jinin mamaci ba na sarki ba ne, ba na alƙali ba ne, na magada ne, musamman maza na ɓangaren uba. Su ne ke neman ƙisasi, su ne kuma ke iya yafewa, ko a kyauta ko a kan sulhu da dukiya. In ɗaya daga cikin waɗanda matsayinsu ya zo ɗaya ya ce ya yafe, ƙisasi ya faɗi, ko da sauran na kuka. Diyya cikakkiya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Wanda aka yafe wa kuma ba ya tafiya haka nan: a Malikiyya ana yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Inda wannan ƙofa ke rufewa shi ne a kisan yaudara, a lallaɓi mutum a kai shi inda ba mai ceto a kashe shi don abin hannunsa. Wannan na hukuma ne, magada ba su da ta cewa. Sunansa a fikihu gila, kuma daga nan ne muka sami "kisan gilla" da 'yan jarida ke yawan faɗa, ko da yake yanzu sun shimfiɗa shi a kan kowane kisa mai muni.

Akwai kuma ƙasama, wadda ta fi komai ɗaure wa Turawa kai. In babu shaidu biyu adalai, amma akwai alama mai ƙarfi, kamar a ce mamacin kafin ya cika ya faɗi sunan wanda ya sare shi, sai magadansa maza su yi rantsuwa hamsin cewa wane ne ya kashe musu ɗan'uwa, a kan haka a yanke hukunci. Ga mutumin da ya tashi a garin da ake tsoron Alƙur'ani ya ci mai rantsuwar ƙarya, wannan hujja ce mai nauyi. Ga lauyan da ya yi karatu a Landan, mutane ne ke rantsuwa a kan abin da idonsu bai gani ba.

Da Turawa suka ci ƙasar, Lugga bai rushe kotunan alƙalai ba, domin ba shi da ma'aikatan da za su maye gurbinsu. Ya hana yanke hannu da sauran hukunce-hukuncen da ya kira na azabtarwa, ya bar wa manyan kotuna masu daraja ta ɗaya, galibinsu kotunan sarakunan yanka, ikon yanke hukuncin kisa, da sharaɗin ba za a miƙa kowa ga Hauni ba sai Gwamna ya sa hannu. Littafin shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, wanda masanin tarihi Allan Christelow ya nazarta ya buga, yana nuna majalisar na zama a kan shari'o'in jini shekara goma bayan zuwan Turawa. A gefe guda kuma, tun 1904 Turawan suka kafa nasu kundin laifuffuka, Kiriminal Kod, wanda aka kwaikwayo daga na jihar Kwinslan ta Ostireliya, aka kuma shimfiɗa shi a kan Najeriya duka a 1916. Dokoki biyu ke nan a ƙasa ɗaya, kuma abin da zai sami mai kisa ya danganta da ƙofar da aka shigar da shi.

Dubi yadda abin yake. Mutum ya shirya tsaf, ya yi kwanton ɓauna, ya kashe abokin gabarsa. In aka kai shi kotun Turawa, rataya ce babu makawa, ko da uwar mamacin da 'ya'yansa sun zo sun durƙusa suna roƙo, don a wurinsu laifin an yi wa Sarkin Ingila ne. In aka kai shi kotun sarki, ƙanin mamacin ya yafe, shekara ɗaya da bulala ɗari sun wadatar. Wani kuma faɗa ya kaure a kasuwa, aka zage shi ta uwa ta uba aka kai masa duka, ya rama da sanda, abokin faɗan ya mutu. A kotun Turawa ɗauri ne, mai yiwuwa ma na 'yan shekaru. A kotun sarki, in magada sun dage, kansa ne. Kowane ɓangare yana ganin ɗayan ya yi sakaci inda ya kamata a tsananta, ya kuma tsananta inda ya kamata a tausaya. Ni dai ban ga wanda ya fi wani tausayi a cikinsu ba. Bambancin yana wurin wanda aka damƙa wa tausayin: can alƙali ne ke auna zuciyar mai kisa, nan waɗanda aka yi wa rashi ne ke auna tasu zuciyar.

Shi wannan uzuri na tunzurawa da ya ceci Tsofo Gubba yana da nasa tarihin, kuma ba mai tsabta ba ne sosai. Wajajen 1671 wata kotun Ingila ta yi shari'ar wani mai suna Manning, wanda ya tarar da kwarto tare da matarsa ya kashe shi nan take. Alƙalai suka ce wannan bai kai kisan ganganci ba. Hukuncinsa a yi masa lalas a hannu, har ma aka umarci mai lalas ɗin ya sassauta. Tunanin da ke ƙarƙashin wannan shi ne mace mallakar mijinta ce, wanda ya taɓa ta ya shiga gonar wani. Daga baya aka gyara masa fuska aka mai da shi batun raunin ɗan'adam: mai hankali ma yana iya fita hayyacinsa in abin ya zo masa ba zato, muddin bai sami lokacin hucewa ba. A 1946, shekara guda kafin ƙarar Gwandu, Majalisar Dattawan Ingila a shari'ar Holmes ta ƙara ƙuntata shi, ta ce mace ta faɗa wa mijinta da baki cewa ta ci amanarsa bai isa uzuri ba. Wannan kaya ne aka ɗauko aka sauke a Birnin Kebbi.

Ta ina ya shigo, alhali kotun sarki ba da Kiriminal Kod take aiki ba? Ta wata 'yar kafa da ba wanda ya lura da ita. A 1933, zamanin Gwamna Donald Cameron, an yi wa tsarin kotuna garambawul, aka buɗe hanyar ɗaukaka ƙara daga kotunan En'e zuwa na Turawa. A cikin gyaran aka goge wasu 'yan kalmomi daga sashe na 4 na dokar da ta kafa kundin, kalmomin da suka keɓe kotunan gargajiya daga bin sa. Shekara goma sha huɗu alƙalai na ci gaba da hukunci da Muhtasar, Razdan na sa hannu, Gwamna na tabbatarwa. Sai a 1947 kotun ɗaukaka ƙara ta ce goge kalmomin nan yana da ma'ana: duk laifin da kundin ya ambata, da kundin za a hukunta shi, ko a gaban wa aka kai shi.

In aka bi wannan fassara zuwa ƙarshenta, shari'ar Musulunci ta laifuffuka ta ƙare a Arewa ke nan, ba tare da an yi shawara da kowa ba, domin kisa da sata da rauni duk suna cikin kundin. Sarakuna suka ce wannan saɓa alkawari ne, tunda da aka ci ƙasar an ce ba za a taɓa addini ba. Gwamnatin mulkin mallaka, wadda ba ta iya tara ko harajin shekara sai da sarakunan nan, ta yi maza a 1948 ta yi dokar da ta mayar wa kotunan En'e ikonsu. Aka kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Brooke, aka sake taɓa dokar a 1951, aka kuma yi sabuwar dokar kotunan En'e ta Jihar Arewa a 1956 tare da kotun ɗaukaka ƙara ta Musulunci. Matsayar da aka yi ta lallaɓawa ita ce: alƙali ya yi shari'a da fikihunsa, amma kada hukuncinsa ya wuce abin da kundin Turawa ya tanada wa wannan aikin. A 1957, a ƙarar Maizabo da En'en Sakkwato, Kotun Ƙoli ta Tarayya ta tabbatar da abin da hakan ke nufi a shari'ar jini: kafin kotun sarki ta yanke kisa, sai ta bincika ko an tunzura mai laifin.

A takarda sulhu ne. A zauren shari'a kuwa wahala ce. An ce wa malamin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan Muhtasar ya nemi abin da littafinsa bai san da shi ba, ya auna shi da ma'aunin kundin da aka rubuta da Turanci, harshen da yawancinsu ba sa karantawa. Masu jini su yi rantsuwarsu hamsin, a yanke hukunci, bayan watanni takarda ta dawo daga Kaduna ko Ikko cewa an soke. Mai kisa da ya san hanya, ko ya sami lauya, yana da damar da ɗan'uwansa na ƙauye ba shi da ita.

Akwai kuma wata matsala da ba ta da alaƙa da tunzurawa, wadda ita ce ta fi nauyi a siyasa. A Malikiyya ba a kashe Musulmi saboda wanda ba Musulmi ba sai a kisan gilla. Diyyar Kirista ko Bayahude rabin ta Musulmi ce, ta wanda ba ma'abocin littafi ba kuwa dirhami 800, kashi ɗaya cikin goma sha biyar. Jihar Arewa ta lokacin ta haɗa da Filato da Binuwai da Kabba da kudancin Zariya, ga 'yan kudu cike da Sabon Gari. Da kwamitin Willink ya zagaya a 1957 da 1958 yana sauraren koken ƙananan ƙabilu, wannan batu na cikin abin da aka kai gabansa. 'Yan NEPU su ma, ta nasu ɓangaren, sun daɗe suna kukan cewa kotunan En'e sun zama bulalar dukan 'yan adawa. Ga mulkin kai na ƙaratowa, Ingila na son ganin an gyara kafin ta saki linzami, gwamnatin Sardauna kuma na son masu zuba jari daga waje su saki jiki.

Sardauna bai yarda a ce Turawa ne suka tsara masa ba. Ya aika wakilai Libiya da Pakistan da Sudan su ga yadda ƙasashen Musulmi ke yi, sannan a 1958 ya kira kwamitin masana shari'a a Kaduna. Shugabansa Alƙalin Alƙalan Sudan ne, Sayyid Muhammad Abu Rannat. A ciki akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa J. N. D. Anderson na Jami'ar Landan, da Wazirin Borno Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Babban Alƙalin Bida Malam Musa. Shawararsu ita ce a yi kundi ɗaya na laifuffuka da zai hau kan kowa a kowace kotu, a bar wa fikihu aure da gado da sauran mu'amala. Samfurin da aka ɗauka na Sudan ne, wanda shi kuma ɗan kundin Indiya ne na 1860 da Macaulay ya tsara. Wani Bature da ya yi aiki a Sudan, S. S. Richardson, yana cikin waɗanda suka yi aikin rubutun, malamai ƙarƙashin Wazirin Sakkwato Junaidu suka bi shi suna dubawa. Majalisa ta zartar a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960, jajibirin samun 'yancin kai. Aka fassara shi da Hausa, aka yi ta kwasar alƙalai zuwa makarantar koyon mulki ta Kongo a Zariya domin su koyi sabon karatu da furfurarsu.

A sabon kundin, sashe na 221 shi ne kisan da hukuncinsa kisa ne, kuma alƙali ba shi da zaɓi in laifin ya tabbata. Sashe na 222 ya jero inda ake sauka daga nan, farkonsu tunzurawa mai tsanani ta ba-zata, sai wanda ya wuce iyaka wajen kare kansa, da faɗan da ya ɓarke nan take ba da shiri ba, da wanda ya yi sanadin rai ta hanyar ganganci irin na sakaci. Sashe na 224 ya ba alƙali fili mai faɗi a kan waɗannan: daga ɗaurin rai-da-rai zuwa abin da ya gaza haka, ko ma tara. Uzurin da Tsofo Gubba ya samu a hannun baƙi ya zama dokar gida.

Magada fa? Abin da aka rage musu kaɗan ne, amma yana da ban sha'awa. Dokar tsarin shari'ar laifuffuka da ta zo tare da kundin ta ce kafin kotun En'e ta yanke hukuncin kisa, ta kira dangin mamaci in ana iya samunsu, ta tambaye su ko suna son a zartar, ta rubuta amsarsu. Amsar ba ta ɗaure alƙali. Tana tafiya ne cikin fayil zuwa ga masu ba da shawara kan afuwa. Wanda jiya shi ne mai jini, yau ya koma mai ba da ra'ayi. A 1967 gwamnatin soja ta Hassan Usman Katsina ta soke kotunan sarakuna ɗungurungum, shari'ar kisa ta koma hannun babbar kotu.

Shekara arba'in bayan Final Kod, ƙisasi da diyya suka dawo a rubuce. Zamfara ta fara a ƙarƙashin Ahmad Sani Yariman Bakura, kundinta ya fara aiki a Janairun 2000, jihohi goma sha ɗaya suka bi sahu. A ranar 3 ga Janairu, 2002 aka rataye Sani Yakubu Rodi a gidan yarin Kaduna, bayan wata kotun shari'ar Musulunci a Katsina ta same shi da kashe wata mata da 'ya'yanta biyu. Amma Final Kod bai tafi ko'ina ba, kuma mafi yawan shari'o'in kisa a Arewa har gobe a babbar kotu ake yin su. Mun koma gidan jiya ta wata fuska: dokoki biyu, ƙofofi biyu.

Sassaucin yau kuwa ya fi yawa a wuraren da jama'a ba sa gani. 'Yan sanda su kai mutum gaban majistare, wanda ba shi da hurumin shari'ar kisa, a ajiye shi a gidan yari ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a. Lauyan gwamnati da ke karanta fayil ɗin shi ne zai zaɓa tsakanin 221 da 224, kuma sau da yawa a teburinsa ake raba rai da mutuwa tun kafin alƙali ya ga fuskar kowa. Ko wanda ake tuhuma ya amsa laifin da hukuncinsa kisa ne, kotu za ta rubuta masa cewa bai amsa ba, sai masu gabatar da ƙara sun kawo hujja. Antoni Janar na jiha yana da iko a sashe na 211 na tsarin mulki ya janye ƙara a kowane mataki kafin hukunci. Haka aka yi a 2015 a shari'ar yarinyar nan 'yar shekara goma sha huɗu da aka gurfanar a babbar kotun Gezawa, wadda aka tuhuma da sa wa mijin da aka aurar mata shinkafar ɓera a abinci, shi da wasu mutum uku suka mutu. An fara da neman hukuncin kisa, aka ƙare da janye ƙara. Sashe na 212 ya ba gwamna ikon afuwa. Akwai kuma sassaucin da ba wanda ya yanke shi: gwamnoni ba sa son sa hannu a takardar rataya, don haka mutum fiye da 3,000 ke zaune a gidajen yarin ƙasar nan da hukuncin kisa a wuyansu, ba a kashe su ba, ba a kuma ce an yafe musu ba. A cikin duk waɗannan matakai babu inda doka ta wajabta wa lauyan gwamnati ya nemi yardar uwar mamaci, shi ya sa in labarin afuwa ya fito dangi kan ji shi ne a waya kamar kowa.

Ita kuwa Ingila, da dokar da majalisarta ta yi a 2009 wadda ta fara aiki a 2010, ta soke uzurin tunzurawa, ta maye gurbinsa da wani mai ƙunci, ta kuma rubuta a fili cewa cin amanar aure shi kaɗai ba ya cikin abin da za a kafa hujja da shi. Mijin da ya kashe kwarto a Landan yau ba zai sami abin da alƙalan Ingila suka ba Tsofo Gubba a 1947 ba. A Birnin Kebbi da Kano da Abuja, lauyoyi na nan suna tsayawa gaban babbar kotu suna roƙon a duba cewa an tunzura wanda suke karewa.